Saƙon Alhamis a Motar Kawu Istifanus

Abin da na fara gani da na isa bayan babban sito ɗin nan na Cheetham Hill, a Manchester, shi ne babu wurin da zan zauna. Kujerar gefen direba cike take da ƙullin kaya: baƙar leda, farar leda, kula biyu ƙanana, da wani kwalin takalmi da aka naɗe da salatif har yana ƙyalli. Kowanne da suna a jikinsa. "Sadiq." "Maman Joy." "Malama Hadiza." Ba lambar gida, ba sunan titi.

Motar ta Kawu Istifanus ce, yayan mahaifiyata. Doguwa ce fara, ta ɗaukar kaya. Makarantarmu ta ba mu mako guda kowa ya je ya ga yadda ake aiki, ya rubuto rahoto. 'Yan ajinmu sun tafi ofisoshi da kantuna. Ni ban iya zuwa wurin baƙo in roƙi wuri ba, sai Mama ta ce in bi Kawu. Na ce mata me zan rubuta a kai, ai tuƙi ne kawai. Ban san ta kai masa maganar ba. Kwana uku muna yawo a cikin Manchester bai tayar da maganar ba, sai ranar Alhamis, ranar da yake zuwa Birmingham.

Na same shi durƙushe a gindin tayar baya, yana auna iska da wani ɗan ƙarfe mai kama da biro.

"Mai cewa tuƙi ne kawai, an iso?" in ji shi, bai ɗago ba.

"Ina kwana, Kawu."

"Lafiya lau, Rahila. Kwashe saƙon nan ki jera bayan kujera. Kula a ƙasa, kada ki kifa. Yau za ki ga tuƙi kawai."

Ya bi tayoyin nan huɗu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce tayar da iskarta ta ragu mai take sha, ba ta kuma gaya maka. Sannan ya buɗe bayan motar ya nuna mini kayan aikinsa: madauri takwas masu maƙalar ƙarfe, tsofaffin barguna shida, 'yar kura mai taya biyu, safar hannu, da guntun katako biyu na tare taya. Masu sito suka turo lodin ranar, buhunan shinkafa da jarkokin man girki da katan-katan na tumatirin gwangwani, na wani kanti a Birmingham. Wannan shi ne kayan da ake biyan Kawu ya kai. Bai bar kowa ya jera masa ba.

"Lodina na farko tumatir ne, daga Bukuru zuwa Kudu," ya ce, yana tura buhu can gaba kusa da kujeru. "Ina yaron mota a hannun wani Malam Sule Dogo. Ya ce in loda, ya tafi cin abinci. Na ga baya ya fi kusa da hannu, sai na jibge manyan kwanduna a baya, ƙanana a gaba. Ba mu yi nisa ba, a wata kwana, motar ta yi rawa kamar za ta kwanta. Malam Sule ya gangara gefen titi ya kashe ta. Bai zage ni ba, bai dake ni ba. Ya zauna gindin mangwaro yana shan rake, ya ce sauke duka ka sake. Kwando ɗaya-ɗaya, ni kaɗai, rana tsaka. Tun daga ranar, mai nauyi gaba da ƙasa, mara nauyi baya da sama. Abin da za ka fara saukewa shi ne na ƙarshen shiga."

Da ya gama ɗaurewa sai ya jijjiga kowane madauri da hannu. Ya zauna a bakin ƙofa ya cire manyan takalmansa masu ƙarfe a baki, ya ɗauko wasu na yadi, shuɗaye, masu siririn ƙasa, daga ƙarƙashin kujera. Na ga yana yin haka tun ranar Litinin, ban dai tambaya ba. Ya ga ina kallo.

"Shi ma aikin Malam Sule ne. Wata shida ba takalmi ya sa na yi tuƙi. Ya ce ƙafar da ba ta jin totur ɓarauniya ce, a tanki take sata. Da na zo ƙasar nan na ga ba dama ka tuƙa da ƙafa tsirara, sanyi kaɗai ya ishe ka. Sai na nemo waɗannan."

Muka hau babbar hanya. Kawu ya kama layin hagu bai bar shi ba. Ƙananan motoci na wuce mu fuu, har manyan tireloli wasu suka wuce mu. Idan ya hango jan wuta a bayan motocin da ke can nesa, tun a nan zai ɗaga ƙafa, motar ta gangara da kanta. Na lura da wuya ya taka birki. Ya ce duk wanda ya taka birki da ƙarfi, man da ya saya ne ya zubar a titi.

A rediyo ana maganar kasafin kuɗi. Wata mata na bayani cewa abin da gwamnati ke kashewa ya fi abin da ke shigo mata, akwai giɓi, kuma cikin hanyoyin da ake tunanin cike shi har da ƙara harajin man mota. Wani ya bugo waya yana ihu. Kawu ya rage murya.

"Ni ba zan yi ihu ba," ya ce. "Titin nan ba aljanu suka shimfiɗa shi ba. Asibitin da aka yi wa mamanki aiki ba mu biya ko sisi ba, daga wani wuri kuɗin ya fito. A kowace lita da na zuba akwai rabon gwamnati, na sani, ina bayarwa. Abin da nake so su sani guda ne. Mai aikin ofis, idan aka ƙara, sai ya ajiye mota ya hau tram, jirgin ƙasan nan na cikin gari. Shinkafar nan da ke bayanmu ba ta hawa tram."

"To ka ƙara wa masu kaya kuɗi mana, Kawu."

"Mai kantin Birmingham yana da lambar manyan kamfanoni a wayarsa. Ina ƙarawa zai danna ɗaya. Ba a nan ma matsalar take ba. Bari mu isa."

Wajen rabin hanya ya ba ni labarin masu kaya.

"Wani ɗalibi a Longsight ya kira ni, ya ce zai tashi daga flat ɗinsa, kaya kaɗan ne, 'yan kwalaye. Na je ni kaɗai. Hawa na uku, ba lif. Kwalayen kuwa manya, irin na firiji, ya cika su taf da littattafai. Ko motsi ba sa yi. Shi kuma yana tsaye da kofin shayi yana cewa, 'Baba, a hankali, wannan na supervisor ɗina ne.' Sai da muka zazzage muka riƙa sauko da su a cikin zanin gado. Yanzu tambaya uku nake yi kafin in tashi mota: hawa na nawa, akwai lif, littafi nawa. In mutum yana da mata, ita nake cewa a ba wa wayar. Ita ta san abin da ke ƙarƙashin gado."

Na yi dariya, na rubuta a littafina. Ya ce in rubuta har da wannan: ba a jan firiji a kwance, ba a ɗora komai a kan katifa, kuma ba a karɓar kujera mai laushi idan ana ruwa sai da bargo biyu.

Sannan ya zo kan shekarar wahala. Ya faɗe ta kamar yana karanta adireshi.

"Shekarar da mai ya yi tashin da ban taɓa gani ba, mota biyu gare ni. Ɗaya ina ja, ɗaya wani bawan Allah ɗan Kafanchan yana ja mini. Muna zuwa Leeds ranar Talata, Birmingham ranar Alhamis. Kafin wannan an yi wani lokaci da mai ya yi wuya, na yi layi tun safe har azahar, ina isa aka ce dizal ya ƙare. Wannan ya wuce. Tsadar ce ba ta wuce ba. Na cire kujerar baya ta ɗayar motar don ta rage nauyi. Na daina kunna na'urar sanyi. Na daina zuwa gida cin abincin rana. Duk da haka sai da na sayar da mota ɗaya, na sallami mutumin, na bar Leeds. Mutanenmu na can ba wanda ya ce mini uffan. Matata suka riƙa tarewa bayan coci, suna tambaya ko wani abu aka yi mini."

"Saboda kayan kanti?"

"Saboda saƙo."

Ya nuna bayan kujera da babban yatsa.

"Wannan kular dambun nama ne, gwaggon Sadiq ta yi masa. Wannan kunun gyaɗa ne na Maman Joy, tana jinyar mijinta a babban asibiti, ba ta da lokacin girki. Kwalin nan tabarau ne da maganin hawan jini na wata tsohuwa, ta manta su da ta zo suna. Duk ranar Laraba ake kawo mini su gida. 'Tunda can za ka, Baba.' Haka ake yi a gida, haka muka taso. Saƙo ba a biyansa. Ranar da na miƙa hannu na karɓi kuɗin kai wa mara lafiya kunu, ranar na daina zama ɗan'uwa na koma kamfani. Ba kuma zan karɓi na wannan in ƙi na wancan ba. Hanya ɗaya ce da ni, wadda na bi a Leeds: in daina zuwa. Idan aka ƙara harajin nan, Birmingham ce ta gaba."

Ya mayar da hannunsa kan sitiyari. Na kalli allurar mai. Daga Manchester zuwa nan ta sauka da kaɗan, kamar faɗin ɗan yatsana.

Kafin sha biyu mun sauke kayan kanti. Kawu ya canja takalmi, ya yi sawu da kura, ya sake canjawa. Mai kantin ya ba mu wasu tebura biyu na ɗan'uwansa mu kawo Manchester, saboda Kawu ba ya yarda motarsa ta koma ba komai a ciki. Na ɗauka mun gama. Ashe yanzu aka fara.

Ƙofa goma sha ɗaya muka ƙwanƙwasa. Na ƙirga su ne saboda ni nake ɗaukar saƙon. Kawu bai duba waya ko sau ɗaya ba, duk gidajen suna kansa. Amma gidajen ba sa kusa da juna, kuma cikin gari ba babbar hanya ba ce. Danja, shataletale, danja, bas ta tsaya, mu tsaya. Duk dabarar ƙafarsa ba ta da amfani a nan. A titi guda sau uku muka zagaya kafin mu sami wurin fakin. A wani gida ba kowa, sai da muka sake dawowa. A asibiti Maman Joy ta sauko da gudu, ta rungume kular kamar jariri, ta ce, "Baba Isti, Allah ya biya ka," ta koma da gudu. Tsohuwa mai tabarau ta ƙi barinmu sai mun sha shayi. Ta sa tabarau ɗin ta kalle ni ta ce, "Au, ashe mace ce. Ɗazu na ɗauka sanda ce ka jingine a ƙofa."

Gidan Sadiq ne ya fi nisa, can wani gefen gari. Ya fito da jajayen takalman gudu, igiyar ɗaya fara ɗaya baƙa. Ya karɓi dambunsa yana murna.

"Baba, kai ne mutumina! Wallahi da na mutu da indomi."

"Ka kira gwaggonka ka ce ya iso. Kada ta ce na cinye a hanya."

"Yanzu kuwa. Ina da lecture ne, da kun shigo."

Da muka koma mota na sake kallon allurar. A cikin garin nan ta sauka kusan yadda ta sauka a duk doguwar hanyar. Kawu ya ga inda nake kallo. Ya ce, "Kin gani," ya tada mota.

Gida na ƙarshe na Malama Hadiza ne a Edgbaston. Karatun digiri na uku take yi, mijinta yana Kano, ita da 'ya'yanta biyu ne a nan. Gidan a ƙasa yake, da fili a gabansa, Kawu ya shiga kai tsaye ba zagaye. La'asar ta yi. Ta buɗe ƙofa da waya a kunne da ludayi a hannu.

"Baba Istifanus! Sannu da hanya. Yau har da 'yar rakiya? Ku shigo, abinci ya sauka, kada ka ce mini kana sauri."

"Malama, hanya na jirana."

"Hanyar ba inda za ta. Kullum haka kake cewa, kullum kuma sai ka ƙara."

Zauren gidan yana da faɗi, da wani dogon benci da ba kowa a kai sai jakar makaranta ɗaya. A bakin ƙofa takalma ne jere, sun fi na mutum uku yawa. Ina cire nawa sai na ga jajayen takalman gudu, igiyar ɗaya fara ɗaya baƙa.

Sadiq yana falo zaune a kan kafet da faranti a gabansa. Kusa da shi wata ɗaliba ce da muka kai wa ledar yaji da kuka a ƙofa ta huɗu. Sadiq ya ga Kawu ya miƙe yana sosa ƙeya.

"Baba, ka riga ka zo nan ma?"

"Ina lecture ɗin?"

"An gama. Jami'ar ai ga ta nan kusa. Duk Alhamis nan muke cin abinci, Malama ba ta yarda mu zauna da yunwa."

"Rabinsu ba karatu ya kawo su Ingila ba," in ji Malama Hadiza daga kicin, "miyata ce."

Aka yi dariya. Kawu ma ya yi. Ban ga alamar ya lura da abin da na lura da shi ba. Shi a wurinsa saƙo a ƙofar mai shi ake miƙa shi, haka aka koya masa, haka yake yi shekara da shekaru. Muna cin abinci wayar Malama ta yi ƙara sau biyu. Na biyun Maman Joy ce, tana tambaya ko za a kawo mata tuwo asibiti ko ta aiko a karɓa, tunda tafiyar ƙafa ce. Na ajiye cokali na fara bin sunayen nan goma sha ɗaya a kaina. Waɗanda na tabbata suna taka gidan nan ko suna da mai taka shi sun kai bakwai.

Kawu ya gama, ya yi godiya, ya ce zai duba ɗaurin teburan nan kafin mu kama hanya. Ta taga na hango shi yana jijjiga madauri ɗaya-ɗaya. Na san minti nawa yake ɗauka, kwana huɗu ke nan ina kallo. Na tattara farantai na bi Malama Hadiza kicin. Ban taɓa yi wa babba magana ba tare da an tambaye ni ba. Na daɗe ina wanke faranti ɗaya.

"'Yan mata, za ki huda shi," ta ce. "Me ya faru?"

Na gaya mata. Na faɗi maganar rediyo, da Leeds, da allurar mai, da ƙofa goma sha ɗaya. Hausata ta riƙa kakarewa ina cikewa da Turanci, ba ta yi dariya ba. Ta kashe famfo ta juyo.

"Bai taɓa cewa komai ba. Ko sau ɗaya. Bari in yi wa mutane magana, kowa ya riƙa ba da wani abu."

"A'a, Anti. Ba zai karɓa ba. In aka ba shi kuɗi ma zai fi saurin dainawa."

"To me kike so a yi?"

A waje na ji an rufe ƙofar bayan mota. Saura ya canja takalmi.

"Bencin nan na zaure," na ce. "Don Allah ki bari ya riƙa sauke saƙon duka a kansa ranar Alhamis, kowa ya zo ya ɗauki nasa. Na tsohuwar nan da na wanda ba shi da lafiya, Sadiq ya kai, tunda ya ci abinci. Amma Anti, kada ki ambaci mai, kada ki ce ni na faɗa. Ki ce ke ce kike so mutane su riƙa zuwa gidanki. Ki roƙe shi kamar alfarma zai yi miki."